Koyon Kwalliyar Fuska Don Fitowa a Siffar Mace: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan amsoshi na wanda aka haifa namiji ne kuma yake son fuskarsa ta fito a ta mace, ko don haka zai riƙa fita kullum, ko don wasan dandali, ko lokaci-lokaci. Tunda siffar mace ake nema, da "ke" da "ki" za mu yi magana. Yawancin dabarun iri ɗaya ne da na kowace mace. Inda aikin ya bambanta wuri uku ne: gurbin gemu, gira, da tsarin ƙashin fuska.

Me zan saya da farko?

Kada ki tara kaya. Abin da ake buƙata a watan farko shi ne sabulun wanke fuska mara kaifi, man shafawa mara maiƙo, firaima (man da ake fara shafawa don kwalliya ta zauna), man gyaran launi na rufe gemu, fandeshan mai rufi sosai, konsila (mai kaurin rufi na ɓoye tabo), hoda ta gari, jagira, maskara, jan kumatu, jan baki mai sanyin launi, soson kwalliya 1, burushi 3 (babba na hoda, matsakaici na kumatu, ƙarami mai laushi na ido) da man goge kwalliya. Idan kuɗin bai kai ba, ki sa mafi yawansa a kan fandeshan da man gyaran launi. Jagira da maskara masu araha suna aiki lafiya lau, amma fandeshan mara kyau ba ya ɓuya.

Madubi ma kayan aiki ne. Ki ajiye shi inda hasken rana zai doki fuskarki ta gaba. Ƙwan lantarkin da ke saman kai yana zurfafa inuwar ƙasan ido da ta haɓa, sai ki yi ta ƙara hoda a inda ba a buƙata.

Na yi aski tas, na shafa fandeshan, amma gurbin gemu yana nan kamar toka. Me ya sa?

Reza tana yanke gashi ne daidai da saman fata, amma saiwarsa tana nan a ciki. Gashin gemu yana da kauri kuma a cunkushe yake, don haka duhunsa yana haskowa ta cikin fata, ya ba wurin launin shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Fandeshan an yi shi ne ya yi daidai da launin fata, ba ya kashe shuɗi. In kika ƙara shafi na biyu da na uku, tokar tana nan, sai dai yanzu ta samu kauri a kai.

Abin da ke kashe shuɗi shi ne kishiyarsa a jerin launuka, wato ruwan lemu. Shi ya sa ake fara ɗora man gyaran launi kafin fandeshan. Mai farar fata ta nemi ruwan lemu mai haske wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan hoda. Wankan tarwaɗa ta nemi ruwan lemu sosai. Mai baƙar fata ta nemi ruwan goro mai duhu, kusan ja. In launin ya yi wa fatar haske, wurin zai yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. In ya yi mata duhu, ja zai riƙa leƙowa ta cikin fandeshan. Jan baki mara sheƙi mai irin wannan launi yana iya tsaya miki a ranar da babu na ainihi, sai dai yakan yi santsi a ƙarƙashin fandeshan kuma ba ya daɗewa.

To yaya ake shafa shi, ɗaya bayan ɗaya?

Bayan aski, ki wanke da ruwan sanyi, ki shafa mai kaɗan, ki bar fuskar ta huta minti 15 zuwa 20. Fatar da aka aske yanzu-yanzu tana da zafi da ƙananan yanka da ido ba ya gani, kwalliya ba ta zama a kai.

Ki ɗebi firaima kamar girman ƙwayar wake, ki daddanna a saman leɓe, haɓa, kumatu da ƙarƙashin muƙamuƙi. Ki jira minti 2.

Ki ɗebi man gyaran launi da ɗan yatsa ko ƙaramin burushi, ki daddanna shi a inda duhun yake kaɗai. Kada ki murza. Murzawa tana ture man daga kan tsinin gashi, ta bar shi a tsirara. Shafin ya zama siriri, har kina iya hango fata ta cikinsa. Saman leɓe da tsakiyar haɓa su ne suka fi duhu, su ake ba shafi na biyu idan da buƙata. Gefen da ya haɗu da fatar da ba gashi ki baje shi har iyakar ta ɓace.

Ki barbaɗa hoda kaɗan a kai da burushi, ki karkaɗe ragowar. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana ruwan lemun cakuɗewa da fandeshan ya koma launin laka.

Sai fandeshan. Ki jiƙa soso, ki matse shi cikin tawul har ya daina ɗiga, ki ɗiga fandeshan a bayan hannu, ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan kina daddannawa. Matsi 1 zuwa 2 na kwalbar ya ishi fuska duka. Gurbin gemu ya fi samun rufi, goshi da saman kumatu kuwa kaɗan ya ishe su. Ki sauka da shi har wuya, saboda gashin gemu yakan gangara zuwa maƙogwaro, kuma layin da ya tsaya a muƙamuƙi yana tona asirin kwalliya nan take. In har yanzu akwai ɗigon duhu, ki taɓa konsila a wurin kaɗai. Daga ƙarshe ki danna hoda da soso busasshe a gurbin gemu, ki bar ta minti 3, ki share da burushi.

Wane irin aski ya fi dacewa? Ƙuraje suna fito mini.

A yi askin dab da lokacin kwalliya, bayan wanka da ruwan ɗumi, domin gashin da ya sha ruwa na minti 3 ko fiye ya fi sauƙin yankuwa. Zagaye na farko ki bi kwanciyar gashi. Ki sake sa kumfa, zagaye na biyu ki bi ta gicciye. Askin saɓanin kwanciyar gashi shi ya fi sumul, amma shi ya fi jawo matsala, don haka a bar shi ga saman leɓe da haɓa, kuma ga wadda fatarta ta jure.

Mai murɗaɗɗen gashi ta fi kowa shan wahala a nan. In aka yanke gashin ƙasa da saman fata, yana lanƙwasowa ya soki fatar daga ciki, ƙurji ya fito, in ya warke ya bar baƙin tabo. Reza mai baki da yawa da jan fata lokacin aski suna ƙara wannan. Maganinsa reza mai baki ɗaya, a sauya ta bayan aski 5 zuwa 7, kada a danna ta da ƙarfi, kuma a huta aski kwana 1 ko 2 a mako in hali ya yi. Ruwan shafawa mai sinadarin salisilik kashi 2 cikin 100, da dare, sau 2 ko 3 a mako, yana rage toshewar ƙofofin gashi. Kada a sa shi a ranar aski, yana raɗaɗi. Ƙurajen da suka yi ruwa ko suka ƙi warkewa aikin likitan fata ne. Tabon da suka bari kuma kada a bi shi da man bilicin, da yawansu suna ɗauke da sinadarin makuri ko sitiroid mai sirantar da fata, kuma siririyar fata ta fi nuna duhun gemu.

Kwalliya tana rufe launi, ba ta rufe tudu. Ƙurji ko tsinin gashi zai fito ko an yi masa shafi goma.

Yaya zan gane fandeshan ɗin da ya yi daidai da ni?

Ki ja layi 3 na launuka makusanta daga kunci zuwa wuya, ki fita hasken rana, ki jira minti 10 zuwa 15. Wanda ya ɓace shi ne naki. Jiran yana da dalili: wasu fandeshan suna ƙara duhu in sun haɗu da maiƙon fata da iska. Kada ki gwada a gurbin gemu, duhunsa zai ruɗe ki, kuma kada ki gwada a bayan hannu. Bayan haske da duhu, ki lura ko fatarki ta karkata zuwa ruwan ɗorawa, ko ja, ko tana tsakiya. Fandeshan ɗin da ya saɓa wa wannan shi ne ke sa fuska ta yi toka-toka ko da duhunsa daidai ne.

Bayan awa biyu kwalliyar tana tsattsagewa ko ta narke. Ina kuskuren?

Ya danganta da yadda ta lalace. In tana murjewa kamar dauɗa tun lokacin shafawa, ko dai mai da firaima ba su bushe ba, ko kin haɗa firaima mai silikon da fandeshan mai ruwa da ba su jitu ba. In ta tsage a gefen baki da layin murmushi, shafin ya yi kauri, wurin kuma kullum cikin motsi yake. In ta taru a ƙofofin gashi kamar ɗige-ɗige, murzawa aka yi maimakon dannawa. In ta yi ɓawo, fatar ta bushe, ko hoda ta yi yawa. In ta narke a goshi, hanci da saman leɓe, maiƙo ne da gumi, kuma fatar da sinadarin tastostiron, homon na maza, ke aiki a kanta ta fi fitar da maiƙo. A nan takardar tsotse maiƙo ta fi ƙarin hoda amfani: ki danna, ki ɗaga, sannan ki sa hoda kaɗan. Hoda a kan maiƙo kai tsaye tana zama taɓo.

Gira fa? Sai na aske ta?

A'a. Amma gira tana sauya fuska fiye da jan baki da hodar ido a haɗe, don haka ta cancanci haƙuri. Girar namiji yawanci tana ƙasa-ƙasa, a miƙe, da kauri, tana zaune a kan ƙashin goshi da ya ɗan turo. Abin da ake so shi ne a buɗe fili tsakanin ido da gira, a kuma ba ta ɗan lanƙwasa.

Ki ɗora fensir a tsaye daga gefen hanci zuwa sama: nan gira ke farawa. Ki karkata shi ya ratsa gefen baƙin ido na waje kina kallon gaba: nan ƙololuwar lanƙwasa take. Ki ƙara karkata shi zuwa kusurwar ido ta waje: nan take ƙarewa. Ki sa ɗigo a wuraren 3. Gashin da za a tsige na ƙasan gira ne, musamman daga ƙololuwa zuwa wutsiya, da na tsakanin girori biyu. Na sama a bar shi, shi ne ke ɗaga girar. Ki tsige layi ɗaya, ki ja baya ki duba daga nesa, ki bar sauran sai mako mai zuwa. Madubi mai ƙara girma yana sa a wuce gona da iri, gashin gira kuma yana ɗaukar watanni kafin ya dawo, wani ma ba ya dawowa. Dogayen gashi a taje su sama a datse kan da ƙaramin almakashi.

Wajen cikewa, jagirar ta zama mai tsini, a ja gajerun layuka kamar gashi, farkon gira da sauƙi, wutsiya da ɗan ƙarfi. Gira baƙa ƙirin mai kusurwa huɗu a farkonta tana mayar da fuska ga taurin da ake gudu. Wadda ba za ta iya tsige gira ba saboda yanayin rayuwarta za ta iya taje ta sama da man kama gira, ta share ƙasanta da konsila mai ɗan haske. Masu wasan dandali suna danne gira gaba ɗaya da gam na sanda irin mai wankuwa da ruwa, su zana sabuwa a sama. Wannan na fitilar dandali ne, a kusa ana ganewa.

Idona ya shige ciki, hodar ido ba ta fitowa. Yaya zan yi?

Ƙashin goshi mai turowa yana sa fatar sama ta rufe ninkin ido. In kika rufe ido kika sa launi a ninkin, da kin buɗe zai ɓace. Ki yi aikin ido a buɗe, kina kallon madubi kai tsaye, ki sa ruwan ƙasa mara sheƙi kaɗan sama da ninkin, inda za a gan shi, ki baje zuwa sama da waje. Tsakiyar fatar ido ta samu launi mai haske. Kada ki sa mai ƙyalli a kan ƙashin da ke ƙarƙashin gira, zai ƙara turo shi.

Layin kwalli ya zama siriri, manne da saiwar gashin ido, ya ɗan yi kauri a kashi ɗaya cikin uku na waje. Fensir ya fi na ruwa sauƙi ga mai koyo, kuma in aka kafa gwiwar hannu a kan tebur rawar hannu tana raguwa. Zagaye ido duka da baƙi yana ƙanƙantar da shi. Ki lanƙwasa gashin ido na daƙiƙa 10 kafin maskara, ki yi shafi 2, na biyu kafin na farko ya bushe. Gashin ido na kanti a bar shi sai hannu ya faɗa, kuma rabin layi a gefen waje ya fi cikakke sauƙin sawa. A bar gam ɗinsa ya yi daƙiƙa 30 ya fara danƙo kafin a manna. Mai borin jini da roba ta nemi gam mara roba (latex). Kwallin dutse da ba a tantance ba yakan ƙunshi dalma, a guje shi.

Zan iya rage faɗin muƙamuƙi da girman hanci da kwalliya?

Za ki iya sassauta su ga ido, musamman daga gaba. Daga gefe ƙashi yana nan yadda yake. Ƙa'idar ita ce duhu yana tura wuri baya, haske yana jawo shi gaba. Launin inuwa ya fi fatarki duhu da mataki 1 ko 2, mara sheƙi. A sa shi a kusurwar muƙamuƙi ta ƙasan kunne, a baje zuwa wuya, a gefuna biyu na haɓa don ta rage faɗi, da kusurwoyin goshi inda gashin kai ya ja baya. Ga hanci, layi biyu sirara a gefen karan, a baje har sai an yi shakkar ko suna nan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaikwayon zurfafa ramin kunci. Wannan an yi shi ne don mai zagayayyar fuska da ke son ƙashi ya fito. Fuskar da ƙashinta ya riga ya fito cika take buƙata. Don haka jan kumatu ya fi miki launin inuwa amfani: ki sa shi a tudun kunci, ki ja shi sama zuwa gefen goshi, kada ya sauka ƙasa da gindin hanci, inda zai shiga gurbin gemu.

Leɓena na sama siriri ne.

Tazarar da ke tsakanin hanci da leɓen sama takan fi tsawo a fuskar namiji, ɗan ƙara leɓen yana rage ta. Ki zana da fensir mai launin leɓenki, ki wuce iyaka da milimita 1, a tsakiya kaɗai, ki dawo kan layin ainihi kafin kusurwar baki. In aka wuce iyaka har kusurwa, baki yana faɗi kuma ana gani. Launi mai duhu sosai yana ƙanƙantar da leɓe, ja mai ƙarfi kuma yana jan ido zuwa saman leɓe da haɓa, daidai inda kika sha wahalar rufewa. Har sai rufin gemu ya zauna miki, ki ba ido ƙarfi ki bar baki da sanyin launi da ɗan sheƙi a tsakiya.

Awa nawa rufin ke yi kafin gemu ya dawo?

Ya danganta da saurin tsiron gashin mutum. Mai cikar gemu takan ji kaushi bayan awa 6 zuwa 8. Ba a aski a kan kwalliya, kuma ƙarin fandeshan a kan tsiro yana ƙara bayyana shi. In ranar doguwa ce, a wanke rabin fuska na ƙasa kaɗai, a bi da injin aski, a sake rufin. Minti 15 ya isa, ido da gira ba a taɓa su.

Akwai hanyar rabuwa da gemun gaba ɗaya?

Hanya biyu ce. Ta farko leza ce, wato hasken na'ura mai ƙarfi, tana bin baƙin launin gashi ta ƙona saiwarsa, ana yin ta zama-zama da tazarar mako 4 zuwa 6, kuma gemu yakan ci zama 8 ko fiye. Tana rage gashi sosai, ba lallai ta ƙarar da shi ba, kuma ba ta kama furfura. Mai duhun fata ta tabbatar na'urar Nd:YAG ce mai tsawon zangon haske nanomita 1064, domin wadda aka yi don farar fata tana iya ƙona ta ta bar tabo. Hanya ta biyu ita ce kashe saiwa da siririyar allurar lantarki, gashi ɗaya-ɗaya. Tana aiki a kan kowane launin gashi da fata kuma sakamakonta na dindindin ne, amma cikakken gemu yana cin awoyi masu yawa, sau da yawa fiye da shekara ana zuwa. Mai shirin leza ta daina tsige gemu ko cire shi da kakin zuma, aski kawai, saboda sai saiwar tana nan hasken ke samun abin kamawa. Maganin homon na mata, ga mai shan sa a hannun likita, yana sa fata laushi da rage maiƙo cikin wata 3 zuwa 6, yana kuma rage saurin tsiro, amma ba ya kawar da gemun da ya riga ya fito. In fata ta sauya haka, fandeshan mai busar da maiƙo zai fara yin ɓawo, sai a koma mai ɗan danshi.

A madubi lafiya, a hoto fuskata fari fat. Me ya jawo?

Hoda mai sinadarin silika da man kariyar rana mai zinki ko titaniyom suna mayar da hasken filashi. Ki rage su a ranar hoto, ki ɗauki hoton gwaji da filashi kafin ki fita.

Yaya zan goge ta ba tare da ta bar alama ba?

Mai ne ke narkar da kwalliya mai daɗewa, sabulu kaɗai ba ya iyawa. Ki shafa man gogewa a busasshiyar fuska na minti 1, ki ɗauraye, sannan ki wanke da sabulun fuska. Ga ido, ki ɗora audugar da aka jiƙa na daƙiƙa 20 kafin ki share, ki bi saiwar gashin ido da auduga mai tsinke. Wuraren da ake mantawa su ne cikin gira, bakin gashin kai, bayan kunne, wuya da wuyan riga. Wadda bayyanar wannan abu zai iya jefa ta cikin haɗari a inda take zaune ta guji maskara mai jure ruwa, jan baki mai rina leɓe da hoda mai ƙyalƙyali, su ukun suna kwana a fuska ko an wanke.

Burushi a wanke shi mako-mako, soso bayan kowane amfani, tunda yana taɓa fatar da aka aske. Maskara a jefar da ita bayan wata 3. Sabon kaya a gwada shi a bayan kunne a jira kwana 2.

Sai yaushe hannuna zai faɗa?

Zaman farko yakan ci awa 1 da rabi ko 2, kuma da wuya ya yi kyau. Mai yi sau 3 ko 4 a mako takan sauko zuwa minti 30 ko 40 cikin 'yan watanni. Ki raba koyon: mako guda rufin gemu kaɗai, na gaba gira, na gaba ido. Lokacin da ya fi dacewa da gwaji shi ne kafin wankan dare, tunda dama za a wanke. Ki ɗauki hoto daga gaba da gefe a wuri ɗaya da haske ɗaya kowane zama, ki rubuta abin da kika sa da yawansa. In wani abu ya lalace, ki sauya abu ɗaya tak a zama na gaba, ki fara da rage yawan fandeshan zuwa rabi.